Motar Baba da ke kwance a gareji: kada ki bari a murɗa makulli tukuna

 

Wata 'yar'uwa daga Gwammaja ce ta turo min saƙon da ya hana ni sakat. Maigidanta ya rasu shekara 6 da suka wuce, ya bar mota Peugeot 504 a garejin gida, wadda tun yana raye ta yi shekara 3 ba ta motsa ba. Yanzu babban ɗanta ya tasa, ya sa ta a gaba sai an tayar da motar babansa. Dangin miji sun ce a kira 'yan gwangwan a raba kuɗin kowa ya huta. Wani bakanike kuma ya leƙa sau ɗaya, ko bonet bai buɗe sosai ba, ya ce a kawo kuɗi zai sauke inji. Ita kuwa abin da ke hannunta bai wuce na ɗinki da adashi ba. Tambayarta ita ce: ta ina za ta fara, kuma wa za ta saurara?

Na ga gara in amsa mata a nan, don na san ba ita kaɗai ba ce. Ki bi lungunan Dala, daga Yalwa zuwa Adakawa, daga Madigawa har Ƙofar Mazugal, ki leƙa garejin tsofaffin gidaje. Za ki tarar da Fijo ko Marsandi ta durƙusa a kan tayoyin da suka sace, an lulluɓe ta da tamfol, an ɗora mata tabarmi da tsofaffin kwanuka. Maza ne suka saye su, amma yau mata ne ke zaune da su a gida, kuma idan aka tashi gyara, sau da yawa ɗan kunnen uwa ne ke tafiya.

Mu ma an yi a gidanmu. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya sayi farar 504 sabuwa fil a 1982. Da idonsa ya raunana ya ajiye tuƙi, ya kuma hana kowa taɓa ta. Ta yi shekara 11 a wuri ɗaya. Kaji sun yi ƙwai a kujerar baya, Hajiyarmu ta mayar da but ɗin ma'ajiyar gawayi. Yau motar tana tafiya, ita ke kai Hajiya ziyarar Sallah. Abin da na koya a wannan hidima shi zan ba ki.

Me ya sa ake wahala a kan tsohuwar Fijo?

Kada ki raina ta don kin ga ƙura. An fara ƙera 504 a Faransa a 1968, kuma a 1969 aka zaɓe ta gwarzuwar motar shekara a Turai. A 1975 ta lashe gasar tseren Safari ta ƙasar Kenya, tseren da ake yi cikin laka da duwatsu da ƙura, sannan samfurinta mai ƙofa biyu ya sake lashewa a 1978. A waccan shekarar ta 1975 ne kuma masana'antar Peugeot da ke Kakuri a Kaduna ta fara aiki, aka yi ta haɗa 504 a nan gida har tsakiyar shekarun 2000, fiye da shekara 20 bayan Faransa ta daina. Ita ce motar ma'aikacin gwamnati, ita ce ta ɗan kasuwa, ita ce ta haya daga Kano zuwa Sakkwato.

Wannan tarihi yana da amfani ga aljihunki. Saboda yawanta, har yau akwai kayanta a kasuwa, akwai kuma dattawan kanikawa da suka tashi a kanta. Ba ta da kwamfuta, ba sai an jona mata na'ura kafin a gane ciwonta ba. Injin fetur ne mai fistin 4, da kafireto, da lagireto, da 'yan wayoyi. Duk abin da ke damunta ana iya ganinsa da ido, ko a ji shi da kunne ko hanci. Ma'ana ke ma za ki iya bin sawun aikin.

Kafin sifana, a fara da takarda

Motar mamaci dukiyar gado ce. Ba ta babban ɗa ba ce don shi ne namiji, ba kuma taki ba ce don a gidanki take kwana. Idan kika zuba kuɗinki kika gyara ta kafin a raba, ranar da ta fito tana sheƙi ranar kowa zai tuna yana da haƙƙi a ciki, kuma da darajarta ta ranar za a yi lissafi. Na ga zumuncin da ya lalace a kan haka.

Don haka a kira mutum biyu da suka san mota su yi mata kuɗi a yadda take, da ƙurarta da komai. A tara magada, a gaban malami ko dattijon gida, a fitar da wanda zai riƙe ta a cikin kasonsa ko ya biya sauran. A rubuta, shaidu su sa hannu, ki ɗauki hoton takardar da wayarki. Idan akwai marayun da ba su balaga ba, kada a taɓa kasonsu don biyan marmarin babba.

A lokacin kuma ki binciko takardun motar na asali, a duba ko lambar inji da ta shasi sun yi daidai da abin da ke rubuce. Motar da ba ta da takarda, ko ta tashi, wahala ce a titi.

Ranar farko: ido kawai

Mu kuskuren da muka so yi ke nan. Mako biyu da rabon gado, ƙanena ya aro batir wajen abokinsa, ya ɗaura, ya murɗa makulli. Sai muka ji ƙas, ƙas, shiru. Washegari na aika aka kira tsohon bakaniken Baba, dattijo ne da gemunsa fari. Da ya ji abin da aka yi sai ya riƙe baki.

"Hajiya, ku gode wa Allah da ba ta juya ba," in ji shi. "Da ta tashi jiya, da yau maganar sabon inji muke yi."

Na ce, "Baba, ai na ɗauka tashin shi ne abin nema."

Ya ce, "Wanda ya yi shekara 11 a kwance, ba a ce masa tashi ka yi gudu. Sai an fara ba shi ruwa."

Ga dalilin. Idan inji ya daɗe a tsaye, baƙin man da ke shafe a jikin ƙarafansa yana tsiyayewa ƙasa, ya bar su a bushe. Zoben fistin yana iya kamewa da tsatsa. In aka tilasta shi ya juya, ƙarfe zai goge ƙarfe, zobe ya karye, abin da cokalin mai zai gyara ya koma aikin dubban nairori.

Saboda haka ranar farko ba a gyara komai. A buɗe gareji da rana tsaka, a janye yara, a ɗaga tamfol da dogon sanda, don maciji da kunama suna son irin wannan wuri. A buɗe bonet a duba sheƙar ɓera, domin ɓera yana cin rigar waya, kuma wayar da aka cinye ita ke tayar da gobara da zarar an ɗaura batir. A ɗaga shimfiɗar ƙasa a caccaki ƙarfen da sukundireba, a duba gindin ƙofofi da cikin but. Busasshiyar iskar Kano tana yi wa ƙarfe adalci. Abin da ke cinye mota a nan shi ne yoyon rufi da damina, da ruwan kwata mai shigowa gareji, da fitsarin dabbobi.

Sai a zaro sandar gwada baƙin mai. In ya fito baƙi, ba komai, tsufa ne. In ya fito fari-fari kamar kunu da madara, ruwa ya shiga inji, kuma wannan magana ce babba. A buɗe murfin tanki a shinshina. Tsohon fetur warinsa yana komawa kamar na fenti, yana zama ɗanko ya toshe duk hanyar da ya bi.

Ki tsaya a wurin, ko ki sa ɗanki ya ɗauki bidiyon komai. Ba sai kin taɓa ƙarfe ba. Bakanike yana canza lissafi idan ya ga mai kuɗin ta san abin da ake kallo.

Yadda ake tashin inji a hankali

Kada ki biya kuɗin janwe tukuna. A cikin gari ma ba kowane lungu janwe ke shiga ba. Mu a shekarun da motar ta yi a kwance, maƙwabta sun yi dakali, an kuma faɗaɗa kwata, sai da aka shimfiɗa katako kafin ta fita. Duk aikin farko a gida ake yinsa, bakanike ya zo da jakar kayansa.

Na farko, a cire fulogi huɗun, a zuba kamar cokali ɗaya na baƙin mai a kowane rami, a bar shi kwana 2 ko 3 ya jiƙa. Sannan a sa sifana a babban notin da ke gaban inji a juya da hannu. In ya juya sumul, ki yi hamdala, rabin tsoro ya wuce. In ya ƙi, a ƙara mai a ƙara kwanaki. Kada a sa ƙarfi, kada kuma a yarda a tura motar a sa giya don a fizge shi.

Na biyu, a juye tsohon baƙin mai, a sa sabo da sabuwar filta. Wannan ba wurin tsimi ba ne.

Na uku, fetur. A zubar da na tanki duka, a sauke tankin a wanke tsatsarsa. A kwance kafireto a wanke, a canza tiyon roba na mai, don tsohon tiyo yana tsagewa ya ɗiga fetur a kan inji mai zafi. Ranar wannan aiki babu girki kusa, babu murhun gawayi, babu mai shan taba.

Na huɗu, ruwa. A wanke lagireto, a matsa tiyoyinsa da hannu, wanda ya bushe ko ya yi laushi kamar tuwo a canza shi. A sa sabon fanbel, kuɗinsa kaɗan ne amma in ya tsinke a hanya inji zai tafasa.

Na biyar, wuta. Tsohon batir ya mutu, kada a ɓata kuɗin caji. Amma kada ki sayi sabo yanzu, a aro na gwaji. Mai gyaran waya ya bi layukan ya naɗe inda ɓera ya ci, a goge kwantak, a gwada kwayil, a sa sababbin fulogi.

Kafin a mayar da fulogin, a murɗa makulli inji ya yi ta juyawa haka nan, har jar fitilar mai da ke gaban direba ta mutu. Alama ce mai ya zagaya ko'ina. Sai yanzu ne ake ɗaura fulogi a tayar.

Ki kula da wannan sosai: a buɗe ƙofar gareji gaba ɗaya, a kori yara. Hayaƙin salansa irin na janareta ne, wanda muke jin yana kashe mutane a ɗaki a rufe. Guba ce da ba ta da wari ba ta da launi.

In ta tashi za ta yi hayaƙi na 'yan mintuna, man da aka zuba ne ke ƙonewa. A bar ta tana aiki a hankali, ba a taka totur, ido yana kan allurar zafi. Hayaƙi shuɗi da ya ƙi ɗaukewa bayan ta yi zafi yana nuna zobe ya gaji. Fari mai kauri, tare da ruwan lagireto yana raguwa, yana nuna gaskit. A nan ne kawai maganar buɗe inji ke da hujja, kuma ko a nan ki ce a fara auna ƙarfin matsin kowane fistin da abin awo, a nuna miki lambobin. Duk wanda ya ce a sauke inji kafin a yi waɗannan matakai, ki yi masa godiya ki nemi wani.

Tashi daban, tsayawa daban

A nan samari ke rasa haƙuri. Da sun ji ƙarar inji sai su ce bari a ɗan zaga da ita zuwa gindin Dala a dawo. Ki karɓe makullin ki sa a jakarki. Lungunanmu cike suke da yara da awaki da 'yan talla, motar da ba ta da birki ba abin gwaji ba ce.

Man birki yana shan danshi daga iska, ya sa tsatsa a ciki, robobin kuma su ruɓe. Za a iya taka birki yau ya kama, gobe ƙafa ta nutse har ƙasa. A juye man duka, a canza robobi da tiyon birki na kowace ƙafa. Kulocin 504 ma da irin wannan mai yake aiki, a duba shi tare.

Taya kuma kada zanenta ya ruɗe ki. Ki duba gefenta, wajen da aka rubuta DOT, akwai lambobi 4 a ƙarshe. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In kin ga 2314, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2014. In lambobi 3 ne kawai, tun kafin shekarar 2000 aka yi ta. Manyan kamfanonin taya da kansu suna cewa kada a yi amfani da wadda ta haura shekara 10, ko da ba ta taɓa taka ƙasa ba. Ki duba wannan lamba har a kan tayar gwanjon da za a sayo miki.

Yadda za ki riƙe kuɗinki

Mu da ke Dala mun yi sa'a, kasuwar Ƙofar Ruwa tana bayan gidanmu, kuma a nan ake samun kayan mota sababbi da na hannu. Ga yadda muka yi.

Mun raba kuɗin kaya da kuɗin aiki. Bakanike ya rubuta abin da yake so, ƙanena ya ɗauki tsohon a leda ya je kasuwa ya gwada da sabon, ya tambayi shago uku kafin ya saya. Duk abin da aka cire daga motar a dawo min da shi in gani.

Duk abin da yake roba ne, ko mai, ko na birki, sabo muka saya. Duk abin da yake ƙarfe ne ko gilashi, kamar fitila, marfin taya, hannun ƙofa da madubi, na hannu muka nema, wanda sau da yawa ya fi sabon jabu ƙarko. Araha ba ta ado a wajen birki.

Mun raba aikin zango uku, kowane zango da kwasar adashi ɗaya. Zangon farko inji ya tashi. Na biyu birki da taya da fitilu da batir. Na uku takardu: sabunta lasisin mota, takardar lafiyar mota, da inshora, wadda tun farkon 2023 mafi ƙanƙantarta ga motar gida ta koma naira 15,000 a shekara. In ba haka ba, 'yan KAROTA da jami'an kiyaye haɗurra za su karɓi abin da ya fi haka. Amfanin zango shi ne, a ƙarshen kowanne kina iya tsayawa ba tare da kin yi asara ba. Motar da injinta ke tashi ta fi wadda ke kwance daraja nesa ba kusa ba, ko da sayarwa za a yi.

Fenti da ɗinkin kujera su ne na ƙarshe. Tamu sai da ta yi shekara guda tana yawo da tsohon fentinta. An yi mana dariya a unguwa, amma ba mu ci bashin kowa ba.

Yaushe za a haƙura?

Gaskiya ɗaya ce, ba kowace mota ke tashi ba. In tsatsa ta cinye ƙasan motar har inda ƙafafunta suke kamawa, a haƙura. In inji ya ƙi juyawa bayan mako biyu ana jiƙa shi, ga kuma ruwa a cikin mai, ki yi lissafi da kyau kafin ki ci gaba. In kuɗin gyaran zai taɓa kuɗin makarantar yara ko jarin sana'arki, a dakata. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ko a nan ma kada a yi gaggawar ba 'yan gwangwan, su da nauyin ƙarfe suke saye. Masu sayar da kayan Fijo za su ba da abin da ya fi haka, saboda gilasanta da giyarta da ƙofofinta suna da masu nema.

Ki kuma faɗa wa ɗanki gaskiya tun yanzu. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, mota mai kafireto ba ta kai yara makaranta kullum ba ce. Ba ta da jakar iska mai kare mutum a haɗari, wasu ma ba su da bel a kujerar baya, sai an sa. Motar Juma'a ce da Sallah da ɗaurin aure. In ya yarda da haka, ki sa shi ya tsaya kusa da bakanike daga farko har ƙarshe. Ƙanena da bai san fulogi ba, yau shi ke wanke kafireto da kansa, kuma na lura tun daga lokacin zaman majalisa ya ragu.

Ke kuma da ba ki da niyyar gyara taku yanzu, ga roƙona. Yau ɗin nan ki je ki kulle ƙofofinta da but ɗinta, ki ɓoye makullin. Yara suna shiga tsohuwar mota wasan ɓuya, ƙofa ta ƙi buɗuwa ta ciki, zafi ya rufe su. Mun sha jin irin wannan labari, Allah ya tsare mana zuri'a.

Ranar da tamu ta fara fita, Hajiya ta ce a tsaya. Ta shiga gidan gaba, inda ta saba zama shekara da shekaru, ta shafa sitiyarin, ta daɗe ba ta ce komai ba. Can ta ce wa ƙanena, "To ja mu, amma a hankali, babanku ba ya gudu da ita."

'Yar'uwata ta Gwammaja, ki fara da taron magada, sannan ki nemi dattijon bakanike, makulli kuma ya zauna a hannunki. Sauran iyayen gida, wace mota ce ke kwance a gidanku, kuma shekararta nawa? Ku ba mu labari a ƙasa, mu ƙaru da juna.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.